Motar Da Ba Ta Tsoron Hanya: Tarihin Wani Alkawarin Talla Da Yadda Ya Kaya A Ƙasar Yawuri

Kafin a fara tallata mota da na'urar sanyaya ciki ko laushin kujera, da abu ɗaya aka fi sayar da ita: cewa za ta kai mai ita inda ya nufa ko da babu hanyar kirki. Daga wajajen 1900 zuwa 1930 wannan alkawari shi ne jigon tallar motoci a Amurka da Turai, daga can kuma ya biyo 'yan kasuwa da 'yan mulkin mallaka zuwa Afirka ta Yamma. A ƙasashen da suka ƙirƙiro shi ya mutu da kansa bayan an shimfiɗa kwalta. A Nijeriya kuwa yana nan da ransa, domin dalilin da ya haife shi bai gushe ba.

Masarautar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a kudancin Jihar Kebbi, wuri ne da ya dace a auna wannan alkawari. Jirgin ƙasa bai taɓa isa can ba. Jiragen ruwan kamfanonin Turawa kuma ba su iya haure duwatsun Busa ba, don haka suka tsaya a Jebba. Duk wanda ya so fitar da kaya daga wannan yanki cikin sauri, mota ce kaɗai ta rage masa.

Asalin alkawarin

A farkon ƙarni na 20 mota abin tuhuma ce. Tana da tsada, tana yawan lalacewa, hanyoyin da ake da su kuma na dawakai ne da amalanke. Ƙidayar da gwamnatin Amurka ta yi a 1904 ta nuna cewa cikin hanyoyin karkara masu tsawon mil fiye da miliyan 2, kimanin kashi 7 cikin 100 kaɗai aka zuba wa tsakuwa ko wani abu mai kama da ita. Sauran ƙura ce da rani, taɓo da damina. Manomin da ke da doki ba shi da dalilin amincewa da injin da zai kafe masa a tsakiyar daji.

Masu ƙera motoci suka fahimci cewa gani ya kori ji. Suka koma shirya tafiye-tafiyen gwaji masu nisa, da 'yan jarida a biye da alƙalai masu rubuta kowace tsayawa. A 1900 aka yi gwajin mil 1,000 a Birtaniya. A 1907 kamfanin Rolls-Royce ya sa motarsa ta yi tafiyar mil 15,000 a ƙarƙashin idon masu sa ido, a shekarar kuma aka yi tseren da ya tashi daga birnin Peking na ƙasar Sin zuwa Paris. Manufar duka ɗaya ce: a samu lamba da hoton da za a buga a jarida.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan salo shi ne Henry Ford. Motarsa Model T, wadda ta fito a 1908, an ƙera ta ne da mummunar hanya a zuciya. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa da kimanin santimita 25. Ba ta da nauyi, ta yadda mutane kaɗan za su iya ciccibo ta daga laka. Gangar jikinta tana lanƙwasa maimakon ta karye idan taya ɗaya ta faɗa rami, tazarar da ke tsakanin tayoyinta kuma daidai take da sawun amalanke. Kafin a daina ƙera ta a 1927 an sayar da fiye da miliyan 15, farashinta ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da dala 300.

To amma ko motar da ta cancanci yabo ba ta tsira daga ƙarin gishiri ba. A 1909 aka yi tsere daga New York zuwa Seattle, wata Model T ta fara isa, kamfanin ya cika jaridu da labarin. Bayan watanni alƙalai suka ƙwace nasarar suka ba wata mota mai suna Shawmut, saboda an gano an sauya wa ta Ford inji a hanya, abin da dokar tseren ta hana. Kafin hukuncin ya fito tallar ta riga ta gama aikinta. A yau Ford kowa ya sani, Shawmut kuwa sai masu tonon tarihi.

Yadda ta iso Nijeriya

Hanyoyin farko da Turawan mulki suka yi tunanin ginawa don mota masu tsada ne, domin manyan motocin Ingila na lokacin masu nauyi ne, tayoyinsu na sandararriyar roba, suna farfasa duk hanyar da ba a daɓe ta da dutse ba. Ƙananan motocin Amurka masu tayar iska, waɗanda suka yawaita tun daga shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, su suka sauya lissafin. Su hanyar burji ta ishe su, wani lokaci ma turbar da aka share ciyawa kawai. 'Yan kasuwar Ikko irin su William Akinola Dawodu suna cikin waɗanda suka fara shigo da su.

Wannan ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka daɗi ta fuska biyu. Na farko, ba sai ta kashe kuɗi a kan hanya ba, tunda motar ta ɗauki nauyin da ya kamata hanya ta ɗauka. Na biyu, hankalinta yana kan jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano a 1911, aka kammala gadarsa ta Jebba a 1916, reshensa kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A wurinta aikin hanyar mota shi ne ta kai gyaɗa da auduga da fata tashar jirgi, ba ta yi gasa da shi ba. A shekarun 1930 har kuɗin lasisi aka ninka wa motocin da ke bin wasu hanyoyin da suka jeru da layin dogo, lamarin da ya kai masu motocin haya ga yajin aiki a 1937.

Motocin Ingila sun sha kashi a wannan kasuwa, kuma harajin gida ne ya jawo musu. Tun daga 1921 Birtaniya ta riƙa karɓar fam ɗaya a shekara kan kowane ƙarfin doki, ana lissafa shi da faɗin silindar inji. Kamfanoninta suka koma ƙera ƙananan injina don masu saye su tsira daga harajin. Irin wannan mota ta dace da titunan Ingila, amma a yashi da laka Ford da Chevrolet da Dodge sun fi ta.

Ayarin da ya ratsa ƙasar Hausa

Faransawa ne suka mayar da Afirka kanta allon talla. A ranar 17 ga Disambar 1922 motoci biyar na kamfanin Citroën, masu tayoyi a gaba da sarƙar roba a baya irin ta tankar yaƙi, suka tashi daga Touggourt a Aljeriya, suka shiga Timbuktu ranar 7 ga Janairun 1923. Wannan ne karo na farko da aka ƙetare Sahara da mota. A watan Oktoban 1924 André Citroën ya sake tura motoci takwas ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka sauko Yamai, suka bi ta Dosso da Tasawa da Damagaram har Tafkin Chadi, daga nan suka nausa tsakiyar Afirka, tafiyar ta ƙare a Madagaska a watan Yunin 1925.

Ayarin ya tafi da mai ɗaukar fim, Léon Poirier, da mai zane, Alexandre Iacovleff. Da aka nuna fim ɗin a Paris a 1926, mahayan Dosso da fadar Tasawa sun zama ado ne a bayan tauraruwar gaskiya, wato motar.

Abin da fim ɗin bai tsaya a kansa ba ya fi abin da ya nuna muhimmanci. Tun kafin motocin su tashi an tura tawagogi sun jibge mai da abinci da kayan gyara a zango-zango. Ayarin yana ɗauke da makanikai na kamfanin. A dajin Kwango kuwa dubban mutane hukumar Beljiyam ta tara suka sare hanya ta ɗaruruwan kilomita kafin baƙin su iso. Motar da aka ce ba ta buƙatar hanya, hanya aka yi mata, da gatari da gumin waɗanda ba a rubuta sunansu a talla ba. A kasuwa ma sarƙar robar ba ta yi nasara ba. Motocin Renault masu taya shida, waɗanda suka ƙetare hamadar a 1924, sun fi sauri, su ne kuma aka fara jigilar fasinja da su a tsakiyar Sahara.

Ingilishi sun mayar da martani ta Nijeriya. Wani tsohon ɗan majalisar Birtaniya mai wakiltar Oxford, Frank Gray, ya zargi kamfanonin ƙasarsa da ƙera motocin da ba su da amfani a ƙasashen da suke mulka, ya ƙalubalance su. Wani ƙaramin kamfani na garin Bradford mai suna Jowett ya amsa. A 1926 Gray da abokin tafiyarsa John Sawyer suka tashi daga Ikko da ƙananan motoci biyu masu silinda bibbiyu, waɗanda aka raɗa wa suna mai ma'anar "jira" da "ka gani". Suka ratsa arewacin Nijeriya da Chadi da Sudan, suka isa Massawa a bakin Bahar Maliya bayan tafiyar mil 3,800 cikin kwana 60. Kamfanin ya yi ta talla da wannan bajinta, amma ba ta kori motocin Amurka daga kasuwar Afirka ta Yamma ba. Ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a mota ba labarin tafiya guda yake tambaya ba. Tambayarsa ita ce: buhu nawa za ta ɗauka, kuma in ƙarfe ya karye a ina za a samo wani?

Jarrabawar Yawuri

Tun kafin mota Yawuri mararraba ce. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna ƙetare Kwara a wannan yanki da jakunansu, Gungawa da Sarkawa kuma suna riƙe da ruwan da kwale-kwalensu. A 1830 'yan uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun zo Yawuri suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a duwatsun Busa. Tsarin sufurin yankin ya ginu ne a kan kogi da jaki da ɗan dako, kowannensu kuma ya san lokacinsa.

Mota ta shigo ta hanyar da ta taso daga layin dogo ta bi Kontagora, ta shiga Yelwa bayan tafiyar fiye da kilomita 100 kaɗan, ta wuce Koko da Jega zuwa Sakkwato. Ita ce daga baya ta zama wani yanki na babbar hanyar tarayya da ta haɗa Ikko da Illela. Yawancin shekarun da wannan hanya ta yi tana kafuwa sun faɗo a zamanin Sarkin Yawuri Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1923 zuwa 1955.

A nan alkawarin talla ya gamu da abin da ba ramuka ba. Gwaje-gwajen da aka yi suna da su a Afirka kusan duk an tsara su ne su kauce wa damina a inda take da ƙarfi: ayarin Citroën ya ratsa ƙasar Hausa da hunturu. A Yawuri kuwa ruwan sama yana zuba daga wajajen Mayu zuwa Oktoba, rafukan da ke gangarawa Kwara, irin su Malando, suna cika su yanke hanya. Kwara kanta sau biyu take kawo ruwa a shekara: na damina, wanda ke zuwa da laka, da wanda ke tahowa daga tsaunukan Gini ya iso bayan an gama kaka. Mota mai tsayin ciki tana iya haure kwazazzabo, amma babu tsayin cikin da ke ƙetare kogi. Shi ya sa a takardun mulkin mallaka hanyoyin Arewa suka kasu biyu, na rani da na kowane lokaci, kuma na ranin ne suka fi yawa. A kan hanyoyin burji an saba sa shinge bayan ruwan sama, a tsare manyan motoci har ƙasa ta sha iska.

Su wa suka riƙa gyara waɗannan hanyoyi? Talakawan garuruwan da ke bakinsu. Bayan kowace damina En'e kan umarci hakimai, hakimai su umarci dagatai, a fito da majiya ƙarfi su cike zaizaya, su sare ciyawa, su gyara mashigai. Sai bayan yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1930 kan aikin tilas, da dokar da Nijeriya ta yi a 1933, aka taƙaita wannan a takarda, duk da haka an bar ƙofar abin da aka kira ƙananan ayyukan gayya. Idan Razdan ya iso Yelwa a kan lokaci, yabon na motarsa ne. Waɗanda suka kwana suna haƙa ba su shiga labarin ba.

Ko a cikin motar ma, amincin da ake yi mata kirari da shi rabinsa na mutane ne. Sana'ar karen mota ta samo asali daga raunin inji da na hanya: shi ne mai murza hannun tayar da inji, mai dirowa da waigi idan mota ta fara ja da baya a hawa, mai ɗebo ruwan lagireto, mai shimfiɗa rassan itace a ƙarƙashin taya idan ta kafe. Fasinja ma sun san kuɗin mota bai ɗauke musu turi ba.

Gina madatsar ruwa ta Kainji daga 1964 zuwa 1968 ya sake zana taswirar yankin gaba ɗaya. Tafkin da ya taru, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, ya haɗiye tsohon garin Busa da tsibirin Foge da tsibiran Gungawa masu yawa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. Tsofaffin turbobi da mashigai suka nutse. Garuruwan da a da ɗan fito ke haɗa su cikin mintuna suka koma suna hangen juna ta kan ruwa mai faɗin kilomitoci.

Zamanin Fijo

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu alkawarin ya sauya riga. Land Rover, wadda ta fito a 1948, ta zama motar Di'o da malamin gona da jami'in lafiya. Manyan motocin Bedford da Mercedes, wadda Hausawa ke kira Marsandi, suka karɓe dakon kaya. Amma wadda ta gaji kujerar Model T a zukatan mutane ita ce Peugeot, wato Fijo.

Ita ma da tsere aka gina sunanta. Gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda aka fara a 1953, ta zama ma'aunin juriyar mota a nahiyar. Peugeot 404 ta lashe ta a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A 1963 da 1968 motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe saboda taɓo. Peugeot 504 ta lashe ta 1975, shekarar da masana'antar kamfanin ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Taken tallarta a Nijeriya bai ɓoye komai ba: an ƙera ta ne don hanyoyin Nijeriya. Ƙasar Kebbi ma ta samu nata filin gwajin, domin an shigar da tseren motoci cikin shagulgulan bikin kamun kifi na Argungu.

Adalci ne a ce Fijo ta cika mafi yawan abin da ta yi alkawari. Tana shanye gargada, tana ɗaukar lodin da ya wuce ƙa'ida, duk garin da ke da tasha kuma yana da makaniken da ya san cikinta. Ƙaramar a-kori-kurar 404 ta yi shekaru tana kwasar albasa da busasshen kifi daga kasuwannin bakin ruwa. Sai dai ba juriya kaɗai ta ɗaukaka ta ba. Gwamnatin soja ta Murtala da Obasanjo ta mayar da ita motar hukuma, shugaban ƙasa da kansa ya shiga 504, kuɗin man fetur kuma ya ba ma'aikata rancen sayenta. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, masana'antun harhaɗa motoci na Kaduna da Ikko da Kano da Bauchi suka shiga ja da baya, kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga Turai.

Taken nan na Peugeot ya cancanci a sake dubansa. A matsayin talla ya yi daidai. A matsayin shaida kan ƙasa kuwa, kamfani ne yake gaya wa masu saye cewa hanyoyinsu ba za su gyaru nan kusa ba, su kuma suka karɓa a matsayin yabo.

Inda hanyoyi suka rabu

A Amurka masu motoci sun zama rundunar neman hanya. Da manoma suka mallaki Model T, sai suka matsa wa wakilansu, a 1916 majalisa ta yi dokar da ta sa gwamnatin tarayya zuba kuɗi a hanyoyin karkara. Daga 1919 jihohi suka fara karɓar haraji a kan fetur don gina tituna. Cikin shekaru kaɗan kamfanoni suka daina tallata tsayin ciki, suka sauko da motocinsu kusa da ƙasa, suka koma maganar sauri da jin daɗi. Mai mota da mai kaɗa ƙuri'a da mai bin mummunar hanya duk mutum ɗaya ne, shi ya sa hanyar ta gyaru.

A Nijeriya mota mai jure hanya ta fi zama kariya ga masu yanke hukunci daga sakamakon hukuncinsu. A watan Oktoban 2023 aka yi ta ce-ce-ku-ce kan sayen manyan motocin Toyota ga 'yan Majalisar Tarayya, wadda ke da sanatoci 109 da wakilai 360, inda rahotanni suka ce kowace mota ta kai kimanin naira miliyan 160. Da shugaban kwamitin ayyukan Majalisar Dattawa, Sanata Sunday Karimi, ya tashi kare matakin, hujjojin da ya kawo sun haɗa da juriyar motocin da kuma lalacewar hanyoyin ƙasar. Hujjar dillalan Ford ce ta shekaru fiye da 100 da suka wuce, sai dai wannan karon ta fito daga majalisar da ke amincewa da kasafin gina hanyoyin.

A gaɓar Tafkin Kainji, hanyar Malando zuwa Ngaski da Wara ta sha fitowa a jerin kwangilolin gwamnatin tarayya. Babu gada a kan Kwara a Yawuri. Mai son ƙetarewa da mota sai ya gangara Kainji ko ya haura Tuga ta ƙasar Bagudo, in ba haka ba ya shiga jirgin fito tsakanin Zamare da Rofiya. Ga yawancin mazauna bakin tafkin, jirgin katako mai inji shi ne motar kasuwa. A ranar Laraba 26 ga Mayun 2021 wani irin wannan jirgi ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya nufi Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da fiye da mutum 150. Ya rabe a tsakiyar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta ɗora laifin a kan tsufan jirgin da lodin da ya fi ƙarfinsa. Kimanin mutum 20 aka ceto da rai.